Ciwon mara lokacin al'ada: me ake yi a gida, kuma da wane awo?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina so a yi mana maganar ciwon mara na lokacin al'ada, amma don Allah a yi ta da awo. Duk inda aka tayar da zancen nan sai ki ji "a sha citta", "a gasa mara", "a jiƙa kanwa", shi ke nan an wuce. Cittar nawa? Sau nawa a yini? Ranar da jini ya zo ake farawa ko tun kafin nan? Wanne ne ba a haɗawa da wanne? Lokacin da yarinya ke birgima a tsakar ɗaki ba lokacin kame-kame ba ne. Ma'aikatan lafiyar da ke gidan nan da iyayenmu masana kayan gargajiya, bismillah.

Ungozoma_Zariya:
Wa'alaikumus salam Maman Ilham. Kafin a zo kan awo gara a san mafarin ciwon. Idan al'ada ta gabato, shimfiɗar cikin mahaifa tana sakin wani sinadari da ake kira furostagilandin. Aikinsa ya sa mahaifa ta riƙa matsewa tana saki har jinin ya fita. Idan ya yi yawa sai matsewar ta yi ƙarfi, ta shaƙe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da naman mahaifar, to nan ne mara ke ƙullewa. Shi ne kuma ke kawo zawo, tashin zuciya, ciwon kai, da ciwon bayan nan mai sauka har cinyoyi, don ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba.

Ya fi yawa a rana ta farko da ta biyu. Shi ya sa ciwon kan fara 'yan sa'o'i kafin jini ko tare da shi, ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Saboda haka duk abin da za a yi a fara shi da wuri. Mafi yawan masu cewa magani bai yi musu aiki ba, sai da ciwon ya kai gargara suka nemo shi.

Nas_Binta:
Ni da gashi zan fara, don shi ne ya fi sauƙi, kuma ba ya taɓa ciki ko ƙoda. Ɗumi yana sassauta naman mahaifa, jini ya samu hanya. Jakar roba ta ruwan zafi da ake sayarwa a kemis ita ce daidai. Ga yadda ake yi: a tafasa ruwa, a sauke a bar shi ya huce kamar minti biyar zuwa goma, kada a zuba shi yana tafarfasa. A cika jakar kashi biyu cikin uku kawai. A kwantar da ita a hankali har ruwan ya zo bakinta don iskar ciki ta fita, sannan a murɗa murfin sosai, a kifa ta a ga ko tana ɗiga. A naɗe ta da tawul ko ɗankwali ninki biyu, a ɗora ƙasan cibiya minti ashirin, a mayar ƙugu ta baya minti ashirin. Zafin da ake so a fata bai wuce digiri 40 ba, wato wanda za ki iya ajiye bayan hannunki a kai ba tare da kin janye ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko ɗora jakar a kan fata tsirara. Na biyu yin barci a kanta. Ƙunar da ɗumi ke yi a hankali ba a jin ta sai an tashi an ga bororo. Wadda kuma ta mayar da gashi mai zafi sosai al'adarta wata da watanni, fatar marar takan yi wani zane baƙi-baƙi kamar raga, kuma yana daɗewa bai goge ba.

Zee_Katsina:
Wanda ba shi da jakar fa? Gorar ruwan roba ba za ta yi ba?

Nas_Binta:
Za ta yi a lalura, amma da ruwan da aka sirka. Ruwa mai zafi sosai yana lanƙwasa gorar, murfin ya saki, ya kwaro a cinya. Kwalbar gilashi kuma tana iya fashewa. Abin da ya fi su duka: a samu safa mai kauri mai tsabta, a soya gero ko shinkafa ko gishiri kamar kofi biyu a busasshiyar tukunya ba mai ba ruwa, ana juyawa minti uku zuwa huɗu, a juye a safar a ɗaure bakinta. Yana riƙe ɗumi kusan rabin awa, yana kwanciya daidai da mara, kuma ba ruwan da zai zube. A gwada a damtse kafin a ɗora, gishiri musamman yana ɗaukar zafi fiye da yadda ake zato.

Hajiya_Mai_Kayan_Ƙamshi:
Sannunku 'ya'yana. Duk wannan da kyau, amma ai maganin mara tun kaka da kakanni jar kanwa ce. A ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa a jiƙa a rabin kofin ruwan ɗumi, a matsa lemun tsami, a tace a sha. Ko a dama kunun kanwa da citta da masoro da kanumfari a sha da zafinsa. Cikin ya saki, iska ta fita.

Ungozoma_Zariya:
Hajiya Allah ya ƙara girma. Kunun da kayan yajinsa ba ni da ja, ɗuminsa da cittarsa suna taimakawa. Kanwar ce nake da magana a kanta. Kanwa dangin gishiri ce. Abin da take yi shi ne ta kashe tsamin ciki, mutum ya yi gyatsa, kumburi ya sauka, sai a ji kamar an samu sauƙi. Amma ba ta taɓa sinadarin da ke matse mahaifa. Sannan gishirinta yana tara ruwa a jiki yana ɗaga hawan jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wajen masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, kada ta kusanci jiƙon kanwa.

Hajiya_Mai_Kayan_Ƙamshi:
To ai mai jego kwana arba'in take yi tana sha safe da yamma. Wannan kuwa ƙwayar gyaɗa ce sau ɗaya a wata. Kowane abu idan ya yi yawa ai ɓaci yake, har zuma.

Ungozoma_Zariya:
Gaskiyarki Hajiya, awon ba ɗaya ba ne. Matsalar ita ce yarinyar da ciwo ya ci ƙarfinta ba ta tsayawa a ƙwayar gyaɗa. Ta sha bai lafa ba sai ta ƙara, ta ƙara, ga shi kuma ta haɗiyi ƙwayar kemis wadda ita ma tana riƙe gishiri da ruwa a jiki. Da kanwa tana maganin ciwon ne da na ce a auna a sha. Tunda ba ta yi, gara a bar ta a miyar kuɓewa.

Maman_Ilham:
To a zo mana kan cittar, ita ce kowa ke ambata.

Malama_Sadiya_Abinci:
Citta tana cikin kayan gida ƙalilan da aka gwada a kan mata aka ga tana rage wannan ciwon, don tana rage haɗuwar sinadarin da Anti Ungozoma ta faɗa, kuma tana kwantar da tashin zuciya. Awon da aka yi amfani da shi ya kama daga miligiram 750 zuwa giram 2 na garin busasshiyar citta a yini, na kwana uku zuwa huɗun farko. A ma'aunin kicin, shafaffen cokalin shayi na garin citta ya kai kusan giram 2. Ke nan kwatan cokalin shayi sau uku a yini ya isa: safe, rana, dare. A zuba a kofin ruwan zafi, a rufe minti biyar, a sa zuma cokali ɗaya, a sha bayan an ci wani abu.

Idan ɗanya ce, a yanki kamar gaɓar babban yatsa, a kankare bawon da cokali, a daddaka ko a goga, a zuba a ruwa kofi biyu, a tafasa a rage wuta minti goma da murfi a rufe. A tace a raba biyu. Murfin yana da amfani, idan tukunya a buɗe take ƙamshin da ƙarfin suna bin tururi.

A fara ranar da aka ji alamar farko, nauyin mara ko ciwon baya, ko da jini bai sauko ba. Kada a cika cokali da tozo ana cewa don ya fi aiki. Citta mai yawa a ciki wayam ƙwannafi take kawowa da zafin ciki, wani lokaci da zawo a kan zawo. Mai shan maganin tsinka jini kuma sai ta tambayi likitanta tukuna.

Ummu_Haidar:
Ƙari a kan na Malama Sadiya: gara a sayi busasshiyar citta guda-guda a daka da kai a tankaɗe. Irin ta Kudancin Kaduna, wajen Kachiya, tana da yaji sosai, kwatan cokalinta ya wadatar. Garin da ya daɗe a buɗe a kasuwa ƙarfinsa ya tafi. Idan kin shinshina bai sa ki atishawa ba, ya kwana biyu.

Fa'iza_Maraɗi:
Sannunku da aiki. A nan wajenmu hulba da kirfa aka fi sha. Hulba cokalin shayi ɗaya a jiƙa a kofin ruwa ta kwana, da safe a ɗan tafasa minti biyar a tace a sha. Kirfa kuma sanda ɗaya kamar tsawon ɗan yatsa a tafasa tare da cittar. Daidai ne?

Malama_Sadiya_Abinci:
Awonki bai yi yawa ba 'yar'uwa, na kwana uku ba laifi. Abu uku a kan hulba: tana sauke sukarin jini, don haka mai shan maganin ciwon suga ta yi hattara, warinta yana fita a gumi da fitsari, kada a tsorata, kuma mai zargin tana da ciki kada ta sha da sunan magani. Kirfar da ta cika kasuwanninmu mai kaurin ɓawo ce, ja mai tauri, tana ɗauke da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan aka dimanci shan ta da yawa. A shayi na kwana uku ba komai. Shan cokali-cokali na garinta kullum wata da watanni shi ne abin gudu. Kuma ba sai an tara citta, hulba, kirfa, kanumfari, habbatus sauda duk a tukunya guda ba. Idan ciki ya ɓaci ba za a san mai laifin ba.

Ɗan_Kemis_Fagge:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu, a yi mini izini in sa baki, don a kantinmu ake ƙarewa idan cittar ba ta isa ba. Maganin da ya dace da wannan ciwon shi ne dangin ibuprofen, saboda yana hana jiki haɗa sinadarin tun daga tushe. Ga wadda ta kai shekara 12 zuwa sama: miligiram 400, bayan kowace awa 6 zuwa 8, kada ya wuce 1200 a yini sai da umarnin likita, kuma a kan abinci, ko da biredi ne da shayi. Kwana biyu zuwa uku, a ajiye. Wadda al'adarta ke zuwa a kan lissafi tana iya farawa da alamar farko. Idan aka jira har amai ya fara, ƙwayar ma ba za ta zauna a ciki ba.

Ɓarnar da ake yi ita ce haɗa 'yan gida ɗaya. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam da mefenamic acid duk dangi ne. Sunan kwali ne ya bambanta: Brufen, Cataflam, Felvin, Ponstan. Yarinya ta sha wannan da safe, ƙawarta ta ba ta wancan da rana, an ninka illa ba a ninka sauƙi ba. A karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. Piroxicam kuma yana daɗewa a jiki, miligiram 20 sau ɗaya ne a yini, kuma ya fi sauran cin ciki, bai kamata ya zama zaɓin farko ba.

Waɗanda ba za su sha dangin nan ba: mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai asmar da irin waɗannan magunguna ke tayar mata, mai ciki ko mai zargin ciki. Su sai farasitamol, ga babbar mace giram 1 wato ƙwaya biyu ta 500, tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Farasitamol ana iya haɗa shi da ibuprofen, don ba gidansu ɗaya ba. Asfirin a bar shi, yana ƙara zubar jini, kuma ba a ba wa 'yan ƙasa da shekara 16.

Zee_Katsina:
Amma ana cewa yawan shan maganin ciwon mara yana hana haihuwa daga baya. Iyaye da yawa saboda haka suke hana 'ya'yansu.

Dr_Hauwa_Mata:
Ƙanwata Zee, shan ibuprofen ko farasitamol kwana biyu zuwa uku a wata lokacin jini ba ya hana haihuwa. Ga inda zancen ya samo asali: akwai cututtukan da ke kawo matsanancin ciwon mara kuma su ne ke kawo jinkirin haihuwa. Mai irin wannan cuta dole ta yi ta shan magani shekara da shekaru. Idan ta yi aure haihuwa ta yi nisa sai a ɗora wa ƙwayar laifi, alhali cutar ce da ba a bincika ba. Illar ƙwayar ta gaskiya a ciki da ƙoda take, idan an wuce awo ko an sha ba abinci.

Baban_Amira:
Allah ya saka. Mu iyaye maza muna karantawa muna ƙaruwa. Tambayata kan allura ce, wasu gidajen duk wata sai an kira mai allura.

Ɗan_Kemis_Fagge:
Yallaɓai a tambayi sunan allurar kafin a miƙa hannu. Idan diclofenac ce, aikinta ɗaya da ƙwayar, amfaninta kawai ga wadda amai ya hana ta riƙe magani, kuma ba a ƙara mata ƙwayar danginta a kai. Idan kuwa fenta ce, wato pentazocine mai kashe ciwo mai tsanani, ko aka kawo taramol, a ce a'a. Waɗannan suna kama mutum. Wata uku huɗu ana yi, sai jiki ya fara nema ko ba al'ada. Haka maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018. Ciwon da sai da irin waɗannan yake kwanciya na asibiti ne.

Anty_Rabi_Kumasi:
Ku bar ni in koma kan abin da ba na sha ba. Kwanciya tana da nata tasiri. A kwanta a gefe a naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji da matashi tsakanin cinyoyi. Ko a durƙusa a zauna kan dugadugai, a kifa ƙirji kan matashi biyu, hannuwa a miƙe gaba, minti biyar ana jan numfashi ta hanci a hankali ana saki ta baki. Wannan yana sakin ƙugu. Tausa kuma: man zaitun ko man kaɗanya cokali ɗaya, a murza a tafin hannu ya yi ɗumi, a shafa ƙasan cibiya ana zagayawa da tafin hannu, ba da ƙarfi ba, minti goma. Wani ya danna mata ƙasan baya da tushen tafin hannu, daidai ramukan nan biyu na saman ɗuwawu. Kada a shafa man zafi sannan a ɗora jakar ruwan zafi a kansa, fata tana saluɓewa.

Nas_Binta:
Na gode Anti Rabi da kika tuna maganar man zafi, ɗaya ake zaɓa. Sannan motsa jiki ba a ranar ciwon kaɗai ba. Tafiya da sauri minti 45 zuwa awa ɗaya, sau uku a mako, duk tsawon wata, tana rage ƙarfin ciwon idan aka jure wata biyu uku. A ranar ma, idan ana iya miƙewa, zagaya tsakar gida minti goma ya fi dunƙulewa wuri guda yini sur.

Ummu_Haidar:
Maganar zaƙi da ruwan sanyi fa? Kowace uwa tana cewa shan zaƙi ne ya jawo.

Malama_Sadiya_Abinci:
Zaƙi ba shi ne tushen ciwon ba, an riga an faɗi tushen a sama. Ruwan sanyi kuma ba ya daskarar da jinin mahaifa, ciki yake zuwa ya ɗauki ɗumin jiki. Abin da ke akwai shi ne lemon kwalba mai gas, abinci mai gishiri da yawa da soye-soye suna ƙara kumburin ciki, kumburi kuma yana ƙara nauyin mara. Don haka rage su a kwanakin yana da ma'ana, amma kada a sa yarinya ta ɗauka laifinta ne don ta sha alewa. Abin ɗumi ya fi daɗin ciki, shi ke nan.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne mayar da jinin da aka zubar: hanta, nama, kifi, wake, zogale, alayyafo. A haɗa da lemun zaƙi ko gwaiba ko tumatir don jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarfe (iron) da ke cikinsu, mai ƙara jini. Baƙin shayi kuma a ba shi tazarar awa ɗaya da abinci, yana hana ɗaukar.

Hajiya_Mai_Kayan_Ƙamshi:
Duk da haka dai, da yawa da an yi aure an haihu ciwon ke tafiya. Haƙuri ne maganinsa.

Dr_Hauwa_Mata:
Hajiya, rabin maganarki haka take. Ciwon mara na asali, wanda ke farawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu da fara al'ada, yakan ragu da shekaru, kuma da yawa suna samun sauƙi bayan haihuwa. Auren kansa ba ya maganinsa. Kuma wannan "yi haƙuri sai kin yi aure" ita ke sa a rasa masu cuta ta gaske. Akwai endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, kan ƙwai ko hanji ko bangon mara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa. Akwai ƙarin da ke tsirowa a mahaifa (fibroid), akwai ciwon sanyin da ya hau sama ya kama bututun ƙwai. Waɗannan citta ba ta warkar da su.

A bar maganin gida a je asibiti idan: ciwon yana farawa kwanaki da yawa kafin jini ko yana ci gaba bayan an yi wanka, yana ƙaruwa wata bayan wata, sabo ne ya fara bayan shekara 25 alhali da babu, akwai zafi wajen saduwa ko wajen bayan gida lokacin al'ada, jini ya wuce kwana bakwai, ko audugar mata tana jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya zuwa biyu, ko gudaji manya suna fita, akwai zazzaɓi ko ruwa mai wari, ko an yi wata uku ana shan magani daidai awo a kan lokaci amma har yanzu ciwon yana hana makaranta ko aiki.

Biyu kuma ba sa jiran gobe. Mace mai aure da al'adarta ta yi jinkiri, sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini, da jiri ko suma ko ciwon kafaɗa: wannan ana zargin ciki a wajen mahaifa ne, asibiti a daren. Sai yarinyar da ƙirjinta ya cika, duk wata tana ciwon mara amma ba ta taɓa ganin jini ba: mai yiwuwa hanyar ce a toshe jinin ke taruwa, ƙaramin aiki ake yi a buɗe.

Ungozoma_Zariya:
In ƙara a kan na Likita: wadda aka sa wa robar tazarar haihuwa ta mahaifa mai jan ƙarfe, ciwon mara da jini sukan ƙaru a watannin farko, ta koma inda aka sa mata a duba. Masu sikila kuma al'ada tana iya tayar musu da ciwon ƙashi. Su sha ruwa sosai, su yi gashi, amma maganar dangin ibuprofen su bi abin da likitansu ya tsara, saboda ƙoda.

Zee_Katsina:
Shiga ruwan zafi da bagaruwa ko tsuguno a kan garwashi da turare fa, a lokacin da jinin ke zuba?

Nas_Binta:
Wanka da ruwan ɗumi yana da kyau ƙwarai, a bar ruwan ya riƙa zuba a ƙugu. Zama a baho mai tsabta da ruwan ɗumi zalla minti goma zuwa sha biyar shi ma ba laifi, a gwada zafin da gwiwar hannu. Tsuguno kan garwashi ko tururin tafasasshen ruwa a bar shi: fatar wurin ba ta da kauri, ga mai jiri tana iya faɗawa kai. Hayaƙi ba ya isa mahaifa. Kada kuma a cusa komai, ko kanumfari ko tafarnuwa. Sai ɗabi'ar shan ampiclox bayan kowace al'ada wai don wanke mara: al'ada ba datti ba ce da ake kashewa da maganin ƙwayoyin cuta, abin da yake jawowa ƙaiƙayi ne da kuma ranar da za a buƙace shi ya ƙi aiki.

Fa'iza_Maraɗi:
An ce a fara kafin jini ya zo. To a watan azumi fa? Ciwon ya fara da hantsi, jini bai sauko ba, tana ɗauke da azumi.

Ɗan_Kemis_Fagge:
Idan lissafi ya nuna gobe ne ko jibi, ta sha ibuprofen ɗinta a sahur bayan ta ci abinci sosai ta sha ruwa, ta sake bayan buɗa-baki. Kada ta buɗe baki da shi, sai abinci ya shiga. Da rana gashi da kwanciyar da Anti Rabi ta kwatanta. Da jini ya sauko kuwa azumi ya sauka a kanta, ta ci abinci ta sha maganinta a kan lokaci. Wasu 'yan mata kunya ke sa su yini da yunwa a gida don kada ƙanne su gane, sai su haɗiyi ƙwaya a ɓoye ciki wayam. Iyaye mata a ajiye musu abin taɓawa a ɗaki.

Maman_Ilham:
Allah ya saka wa kowa. 'Yan makarantar kwana su ne abin tausayi, ba murhu ba wuta. Me za a haɗa musu a akwati?

Ummu_Haidar:
Jakar ruwan zafi da rigarta, ƙaramin filas da za ta karɓi ruwan zafi a kicin, garin citta da aka ƙulla kwatan cokali kwatan cokali a takarda ko ƙananan leda kamar ƙulli tara na wata guda, zuma a ƙaramar roba, biskit ko soyayyar gyaɗa don kada ta sha magani ba komai a ciki. Maganin kuma a rubuta awonsa a takarda a damƙa wa nas ɗin makaranta ko matiron, yawancin makarantu ba sa barin ƙwaya a hannun ɗalibai. A ba ta ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, da ƙarfin ciwon daga ɗaya zuwa goma. Wata uku ya isa ta san ranarta, kuma shi likita zai fara nema idan an je.

Hajiya_Mai_Kayan_Ƙamshi:
A sa mata da kanumfari biyar-biyar a ƙullin cittar, yana gyara ɗanɗano. Kanwar kuma na ji, amma ni dai ban yarda ƙwayar gyaɗa ɗaya tana kashe mutum ba.

Malama_Sadiya_Abinci:
Biyu ko uku Hajiya, biyar a kofi ɗaya sai harshe ya mutu.

Anty_Rabi_Kumasi:
Cittar da aka dafa da safe aka zuba a filas, za ta kai dare ko sai an sake sabuwa?

Malama_Sadiya_Abinci:
Za ta kai, in dai an tace ta kafin a zuba kuma ba a sa madara ba. Zumar a bari sai an tsiyaya a kofi. Abin da ya kwana a zubar, a wanke filas ɗin a bar shi a buɗe ya sha iska, in ba haka ba duk ruwan da aka zuba bayan nan citta zai riƙa yi.